Soke wa Nas Aiki Bisa Daɗewa: Ina Adalcinsa?

A Aboabo da Asawase akwai gidajen da 'ya'yansu ke aikin jinya, a nan Kumasi ko a ƙetare, kuma maganar soke wa nas aiki bisa daɗewarta a wurin aikin tana yawan tasowa.

Mene ne soke wa nas aiki?

A asibitocin Amurka, inda galibi ake biyan nas gwargwadon awannin da ta yi, idan marasa lafiya suka ragu a ɗakin jinya sai a kira ta a waya a ce kada ta zo, ko a sallame ta ana tsakiyar aiki. Kuɗin ranar ya tafi ke nan, sai dai ta cike giɓin da kwanakin hutunta. A wasu wuraren, da sabuwar ɗauka ake farawa.

A nan ma ana yi?

Nas ɗin gwamnati, kamar ta asibitin Komfo Anokye, albashin wata take karɓa, don haka raguwar marasa lafiya ba ta taɓa aljihunta. Wadda abin ke ci ita ce mai aikin lokum a asibitin kuɗi, wadda ake biya bisa zuwanta: ta goge farin kayanta, ta kai yaro wurin maƙwabciya, ta biya kuɗin trotro, sannan a bakin ƙofa a ce mata yau ba a bukatarta.

Ai wadda ta daɗe ta cancanci fifiko, ko ba haka ba?

Ta cancanta, kuma ba na raina wannan hujja. Wadda ta shekara 20 tana kwanan asibiti ta sha wuya, kuma ɗakin jinya yana bukatar idonta, domin ita ce ke gane mara lafiya ya fara rikicewa tun kafin na'ura ta nuna. Tsarin bin daɗewa yana kuma toshe son kai, tunda shugabar ɗaki ba za ta zaɓi 'yar gabanta ba. Amma asarar kullum a kan mutum ɗaya take faɗawa, kuma ita ce mai ƙaramin albashi, mai neman kuɗin haya. A ganina wannan ba adalci ba ne. Daɗewa ta dace da ƙarin girma da zaɓen lokacin hutu, ba da raba asara ba.

To yaya ya kamata a yi?

A fara tambayar mai son hutawa da kanta. Idan babu, a yi karɓa-karɓa a rubuce, a liƙa takardar inda kowa zai gani, a kuma tabbatar akwai ƙwararriya a kowane zuwa. Wadda aka mayar bayan ta iso, a biya ta wani abu. A Gana, Dokar Ƙwadago ta 2003 ta ba ƙungiyoyin ma'aikata damar ƙulla yarjejeniya da masu ɗaukar aiki, kuma a cikinta ya kamata a rubuta waɗannan sharuɗɗa.