Waiwaye: adadin da ya fita zakka, a cire ko a bari?

Masana taurari ne suka fara cin karo da matsalar: su auna abu guda sau goma, tara su zo kusa da juna, ɗaya ya yi nisa. A 1777 Daniel Bernoulli ya soki al'adar watsi da irin wannan awo don kawai ya saɓa wa sauran. Benjamin Peirce a 1852 da William Chauvenet a 1863 suka kawo ƙa'idojin lissafi na yanke wanda za a jefar. Gwajin Grubbs ya biyo baya a 1950.

Waɗannan ƙa'idoji uku sun dogara ne da matsakaici (jimillar awo a raba da yawansu) da mizanin bazuwa (ma'aunin yadda awo ke nisa da matsakaici), kuma a nan gizo ke saƙa. A ce an auna yara goma a wani asibitin unguwa a Rigasa, tara kowanne kilo 10, na goman aka rubuta masa 95 maimakon 9.5. Matsakaici ya haura zuwa 18.5, bazuwar ma ta kumbura, kuskuren ya ɓuya a cikin ɓarnar da ya yi. Dokar "ninki uku na bazuwa", wadda ke cewa a jefar da awon da nisansa da matsakaici ya wuce mizanin bazuwa sau uku, ba za ta kama shi ba, domin a awo goma babu adadin da zai iya wuce ninki 2.85, komai girmansa. Ɗalibai da yawa na faɗawa wannan rami a aikinsu na kammala digiri.

John Tukey ya sauya salo a 1977. A jera alƙaluma daga ƙarami zuwa babba, a nemo rubu'i na farko da na uku (adadin da ke kan kashi ɗaya cikin huɗu na jerin da wanda ke kan kashi uku cikin huɗu), a ninka tazarar da ke tsakaninsu da 1.5, sannan a debe abin da aka samu daga na farko a kuma ƙara shi kan na uku, don a ja iyaka ƙasa da sama. Idan rubu'an 9 ne da 11, iyakokin su ne 6 da 14. Nan take 95 ya fito fili. Sai dai ko a bayanai masu lafiya, kusan 7 cikin 1,000 kan tsallake wannan iyaka. Alamar bincike ce, ba hukuncin gogewa ba.

Labarin ozon, iskar da ke sararin samaniya tana kare duniya daga hasken rana mai cutarwa, ya nuna haka. Manhajar tauraron ɗan Adam na NASA ta riƙa sa wa awon da ya yi ƙasa sosai a Antatika alamar shakku, sai ga masanan Birtaniya a 1985 sun wallafa cewa raguwar gaskiya ce.

Shi ya sa mai nazari a Kaduna ya kamata ya koma ga takardar asali tukuna. Ɗigo ne ya ɓace? An haɗa farashin mudu da na buhu a jeri ɗaya? Sikeli ya lalace? Waɗannan gyara ake yi, a rubuta dalili. Idan kuwa awon gaskiya ne, misali yaro ya rame ƙwarai da gaske, adadinsa ya zauna, a yi amfani da adadin tsakiya (wanda ke tsakiyar jeri) maimakon matsakaici, a kawo sakamako da awon yaron da kuma ba shi. A binciken gina jikin yara, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗauki makin nauyi-da-tsayi (nisan nauyin yaro da na yara masu tsayinsa, a ma'aunin mizanin bazuwa) da ya wuce 5 sama ko ƙasa a matsayin wanda da wuya jiki ya kai.