Dokar "who", "which" da "that": inda Hausarmu ke biyo mu cikin Turanci

A ajin yamma da nake koyarwa a Agege, cikin Legas, inda yaran unguwa ke shirin jarrabawar WAEC, wata yarinya ta miƙo min littafinta da wannan jimla: "The man that I saw him at Mile 12 is my uncle." Na sa jan biro na soke "him". Ta ɗago kai ta ce, "Malam, to ai shi ɗin na gani."

Gaskiyarta. Da Hausa muna iya cewa mutumin da na gan shi a kasuwa kawuna ne, babu mai ce mana mun yi kuskure. A wasu wuraren ma dole ne wakilin sunan ya dawo: matar da ɗanta ke sayar da tumatir, dattijon da na saya masa goro. Yarinyar dokar gida ta bi, sai dai Turanci bai yarda da ita ba.

Abin da ake kira "relative clause" guntun jimla ne da ke bin suna yana bayani a kansa. Kalmar da ta buɗe shi, wato "who", "which" ko "that", ita ce ta riga ta tsaya a madadin sunan. Kujera ɗaya ce, kuma an zauna a kanta. In ka ƙara "him", "her", "it" ko "them" da nufin wannan sunan dai, ka ɗora mutum a cinyar mutum. Shi ya sa ake cewa "the man that I saw", a tsaya nan. Haka ma mallaka: "the woman who her son sells tomatoes" Hausa ce zalla da rigar Turanci. Kalma guda ke ɗauke da wannan aikin, "whose son", ba tare da "her" ba. A ganina wannan kuskuren ya fi kowanne cin makin yaranmu a rubutun insha'i, kuma yana min ciwo, domin sai da kiredit a Turanci ake shiga jami'a.

Zaɓen kalmar kuwa ba wuya. Mu jinsi da adadi muke dubawa: wanda, wadda, waɗanda. Turanci tambayarsa ɗaya, mutum ne ko ba mutum ba? Mutum "who", dabba da kaya "which", "that" kuma tana shiga duka biyun. "Whom" ta fi fitowa bayan kalmomi irin su "to" da "with", kamar "the trader to whom I spoke".

Sai waƙafi, wanda da yawa ke ɗauka ado ne. Dubi waɗannan: "My wife who lives in Kano is coming" da "My wife, who lives in Kano, is coming." Ta farko, marar waƙafi, tana ware mace ɗaya daga cikin mata, wato mai maganar yana da wata, wataƙila a nan Idi-Araba. Ta biyu na nuna matarsa ɗaya ce, zamanta a Kano ƙarin bayani ne da za a iya cirewa jimla ta tsaya da ƙafarta. A irin wannan mai waƙafi "that" ba ta shiga sam, sai "who" ko "which".

Akwai kuma inda ake jefar da kalmar gaba ɗaya, idan sunan ba shi ne mai aikin ba: "the rice I bought" daidai ne. Amma "the man sells rice is here" ya karye, domin mutumin shi ke sayarwar, dole "who" ta zauna.

Washegari yarinyar ta kawo jimloli goma. Kafin ta miƙo littafin na ga tana bin layi da yatsa, ta tsaya a ta bakwai, ta soke "them" da kanta.