Hukuncin Allah a Kan Zaluncin Yaƙi a Littafin Amos

Surori biyu na farkon littafin Annabi Amos, cikin Tsohon Alkawari, sun ƙunshi jerin jawabai takwas da ke shelar hukuncin Allah a kan al'ummai: shida maƙwabta, sai Yahuza, masarautar kudu, sannan masarautar arewa, wato Isra'ila. Masana Littafi Mai Tsarki na sa su cikin tsofaffin rubuce-rubucen da suka ɗauki rashin tausayi a fagen yaƙi a matsayin laifin da Allah zai tambayi kowace al'umma a kansa, ko ta san Shari'ar Musa ko ba ta sani ba.

Amos da zamaninsa

Amos mutumin Tekowa ne, wani gari mai nisan kimanin kilomita 16 kudu da Urushalima. Da bakinsa ya ce shi makiyayi ne mai kula da itatuwan ɓaure, bai gaji annabci ba. Ya yi wa'azi a zamanin Uzziya sarkin Yahuza da Yerobowam na biyu sarkin Isra'ila, wajen shekara ta 760 zuwa 750 kafin haihuwar Almasihu, shekara biyu kafin wata girgizar ƙasa da aka daɗe ana tunawa da ita. Ko da yake ɗan kudu ne, a masarautar arewa ya yi aikinsa, har Amaziya firist ɗin Betel, babban wurin ibada na arewa, ya kai ƙararsa wurin sarki, ya ce wa Amos ya koma ƙasarsu ya ci abincinsa a can. Lokaci ne na wadata ga manya, bayan shekarun da aka kwashe ana gwabzawa da Suriyawa a kan yankin Gileyad, gabas da Kogin Urdun.

Tuhume-tuhumen

Kowane jawabi da salo ɗaya yake farawa: saboda laifi uku, har huɗu, Ubangiji ba zai janye hukunci ba. A yawancinsu kuwa laifi ɗaya tak ake ambata, wanda ya cika mudu.

An fara da Dimashƙu, babban birnin Suriya, wadda aka ce ta sussuke Gileyad da abin sussuka na ƙarfe. A da manoman yankin kan yi amfani da wani faffaɗan katako da aka kakkafa wa duwatsu masu kaifi ko haƙoran ƙarfe a ƙarƙashinsa, mutum ya hau kai, shanu su yi ta jan sa a kan dammunan hatsi har kara ya dagargaje. Masu tafsiri sun rabu kan ko da gaske aka ja wannan abu a kan fursunoni ko kuwa kwatanci ne. Littafin Sarakuna na biyu dai ya ba da labarin yadda Hazayel sarkin Suriya ya mamaye Gileyad, da yadda Annabi Elisha ya yi kuka tun kafin Hazayel ya hau gadon sarauta, don ya hango abin da zai yi wa jarirai da mata masu ciki.

Gaza, birnin Filistiyawa, da Taya, birnin bakin teku a ƙasar Lebanon ta yau, laifinsu ɗaya: kwashe jama'ar gari kakaf a miƙa wa Edom, wato cinikin bayi da mutanen da yaƙi ya ci. An ƙara wa Taya da cewa ta manta alkawarin 'yan'uwantaka. Edom ya fafari ɗan'uwansa da takobi, ya kashe tausayi a zuciyarsa, fushinsa ya ƙi hucewa. Ammonawa sun farke cikin mata masu juna biyu a Gileyad, kuma Amos ya faɗi dalilin ƙiri-ƙiri: don su faɗaɗa iyakar ƙasarsu.

Jawabin Mowab shi ya fi jan hankalin masu nazari. Laifinta shi ne ƙone ƙasusuwan sarkin Edom har suka koma farar ƙasa. Wata tsohuwar fassarar Aramiyanci ta ƙara da cewa an shafe bangon gida da ita. Babu ɗan Isra'ila ko ɗaya a cikin wannan magana. Baƙo ne ya wulaƙanta gawar baƙo, wanda aka wulaƙanta ɗin ma sarkin al'ummar da aka gama tuhuma ne 'yan ayoyi kaɗan a baya. Wannan ya sa da wuya a karanta jerin a matsayin kishin ƙasa kawai. Abin lura kuma, ba a tuhumi ko ɗaya daga cikin maƙwabtan shida da bautar gumaka ba. Masanin nan ɗan Ingila John Barton, a nazarinsa na 1980, ya kawo hujjar cewa Amos ya dogara ne da wata fahimta da mutanen yankin suka yi tarayya a kanta, cewa ko yaƙi ma yana da iyakar da ba a ƙetarewa. Wasu masanan na ganin alkawuran da ke tsakanin masarautun ne aka karya.

Juyawa kan Isra'ila

Jerin yana tsallake-tsallake: arewa maso gabas, kudu maso yamma, arewa maso yamma, kudu maso gabas, yana matsowa ga dangi na jini, zuriyar Isuwa (Edom) da ta Lutu (Ammon da Mowab), har ya iso Yahuza. Ana iya zaton masu sauraro a Betel suna ta gyaɗa kai yayin da ake jero abokan gabansu, ba su ankara ba sai ga shi an zo kansu.

Jawabin Isra'ila ya fi duka tsawo, kuma babu filin daga a cikin laifuffukanta. Sun sayar da mai gaskiya saboda azurfa, matalauci kuma a kan takalmi. Suna kishingiɗa gefen bagadi a kan rigunan da suka karɓa jingina, alhali Shari'a ta ce a mayar wa talaka mayafinsa kafin faɗuwar rana, don shi ne abin rufarsa da dare. Suna shan ruwan inabin da suka samu daga tarar da suka ci mutane. Amos ya ɗora wannan zaluncin kasuwa da kotu a ma'auni ɗaya da farke cikin mata. Hukuncin ma ya bambanta: sauran bakwai wuta ce za ta cinye garu da fadodi, Isra'ila kuwa rundunarta ce za ta watse, maharbi ba zai tsaya ba, mahayin doki ba zai tsira ba, jarumi zai gudu tsirara.

Abin da ya biyo baya

Tiglat-filesar na uku, sarkin Assuriya, ya ci Dimashƙu a 732 kafin haihuwar Almasihu, ya kwashe mutanenta zuwa Kir, wurin da Amos ya ambata. Samariya, babban birnin Isra'ila, ta faɗi wajen 722. Sai dai Assuriyawan da suka zartar da hukuncin sun fi waɗanda aka hukunta ƙeta, annabawan da suka zo bayan Amos kuwa ba su kawar da kai ba. Ishaya ya kira Assuriya sandan fushin Allah, amma ya ce ita ma za a hukunta ta saboda girman kai. Nahum ya kira Nineba, babban birnin Assuriya, birnin jini. Birnin ya faɗi a 612.

Masana da dama na ganin jawaban Taya, Edom da Yahuza an ƙara su ne daga baya, don sun fi sauran gajarta kuma tsarin rufewarsu daban ne. Na Edom musamman ana danganta shi da halin da Edomawa suka nuna lokacin da Babilawa suka rushe Urushalima a 587 ko 586, abin da littafin Obadiya ya yi magana a kai dalla-dalla: sun tsaya a mararraba suna tare masu gudu, suna miƙa waɗanda suka tsira ga abokan gaba.