Ayyukan bayan fage da manhajojin da ba a so a kwamfuta

Ayyukan bayan fage su ne shirye-shiryen da ke gudana a cikin kwamfuta ba tare da sun buɗe taga a fuskar allo ba. Akasarinsu halas ne, kuma in babu su kwamfuta ba za ta yi aiki ba: su ke kula da sauti, haɗin intanet, firinta da sabunta manhaja. Sai dai a cikinsu ne manhajojin ɓarna ke fakewa, masu cusa tallace-tallace, masu satar kalmar sirri, da masu haƙar kuɗin kirifto da ƙarfin injin mutum ba da saninsa ba. Akwai kuma waɗanda ba su kai ɓarna ba amma ba wanda ya gayyace su. Suna shigowa ne a maƙale da manhajar kyauta, lokacin da mai sakawa yake ta danna maɓallin ci gaba bai karanta ba.

Yadda ake ganinsu

A Windows ana buɗe Task Manager, mai nuna jerin ayyukan da ke gudana, ta danna maɓallan Ctrl, Shift da Esc a tare. A macOS akwai Activity Monitor, a Linux kuma top da ps. Abin da ke sa a yi zargi shi ne fanka ta yi ta gurnani alhali ba a aikin komai, batir ya riƙa saurin ƙarewa, ko shafin farko na burauza ya canza da kansa.

Baƙon suna kaɗai ba hujja ba ce, kuma nan ne sababbin hannu ke yin ɓarna. Wanda ya ga svchost.exe, aikin da ke ɗauke da hidimomin Windows, ya bayyana sau da yawa yakan ɗauka an kama kwamfutarsa, alhali haka Windows ke aiki. Tun daga sabuntawar 1703 ta Windows 10 a shekarar 2017, ana rarraba hidimomi gida-gida, kusan kowace da nata svchost, a injin da RAM ɗinsa ya haura gigabait 3.5, shi ya sa adadin ya yi yawa. Kashe csrss.exe kuwa, wani ginshiƙin aikin Windows, kan jefa kwamfuta cikin shuɗin allo nan take, wato ta tsaya cak. Masu ɓarna sun san wannan ruɗani, don haka suke aron sunayen. Za a ga svch0st da sifili a gurbin harafin o, ko Isass da babban I a gurbin ƙaramin l na lsass, wani halastaccen aikin Windows. Abin dubawa shi ne mazaunin fayil ɗin. Na gaskiya yana cikin C:\Windows\System32 ɗauke da sa hannun Microsoft. Wanda aka tarar a foldar Temp ko AppData da wannan suna, abin tuhuma ne ƙwarai.

Ƙwararru sun fi dogara da Process Explorer da Autoruns, daga kayan Sysinternals da Mark Russinovich da Bryce Cogswell suka fara a 1996, Microsoft ta saye a 2006. Process Explorer na nuna wane aiki ne ya haifi wane, yana kuma iya tambayar VirusTotal, shafin da ke gwada fayil da injinan riga-kafi da dama, wanda Google ta saya a 2012.

Cirewa

Tsayar da aiki ba cire shi ba ne. Kamar sare ciyawa ne a bar saiwa: da an sake kunna kwamfuta sai ya dawo, wani ma ba ya jiran haka, domin yana da abokin tafiya da ke tayar da shi da zarar an kashe shi. Aikin gaske shi ne gano abin da ke kunna shi. Maɓoyarsa na iya zama jerin manhajojin da ke tashi tare da kwamfuta, maɓallan Run na cikin rajistar Windows (ma'ajiyar saitunanta), Task Scheduler mai kunna ayyuka bisa jadawali, ko hidimomin tsarin. A macOS foldojin LaunchAgents da LaunchDaemons ne. Autoruns na tattaro na Windows a shafi guda, kuma ya fi kyau a fara cire alamar kunnawa kafin a goge, don in an yi kuskure a mayar.

Kafin a taɓa komai ana kwafe muhimman fayiloli a wani waje. In ana zargin satar bayanai sai a yanke intanet. Daga nan a cire baƙin manhajoji ta hanyar da aka tanada a saituna, a jera su bisa ranar sakawa, domin marasa gayyata sukan shigo rana ɗaya da abin da ya ɗauko su. Sai a duba ƙare-ƙaren burauza, wato ƙananan manhajojin da ake ƙara mata. Bayan haka a yi cikakken bincike da Microsoft Defender ko Malwarebytes. AdwCleaner ya ƙware kan masu talla. Mai taurin kai ana bin sa ta Safe Mode, inda kaɗan daga cikin ayyuka ke tashi, ko ta Microsoft Defender Offline da ke bincike kafin Windows ta gama tashi. Kalmomin sirri kuma a canza su daga wata na'ura mai tsabta.

A yi hattara da tagar da ke faɗowa tana ihun cewa an gano ɗaruruwan cututtuka, a biya a wanke. Sau tari ita ce cutar.

Inda cirewa ba ta wadatarwa

Akwai nau'in da ke ɓoye kansa har daga Task Manager, wato rutkit. A Oktoban 2005 Russinovich ya gano irinsa a faya-fayan CD na kamfanin Sony BMG, an saka shi don hana kwafar waƙoƙi, sai masu ɓarna suka riƙa fakewa a bayansa. A 2015 kuma aka gano Superfish, manhajar cusa talla, a wasu kwamfutocin Lenovo tun daga masana'anta. Cire manhajar kaɗai bai isa ba, domin takan bar takardar shaidar tsaro da ke ba da damar leƙen shafukan da aka kulle, sai an bi ta an goge daban.

Idan cuta ta kai wannan zurfin, masana tsaro sun fi ba da shawarar a goge faifan gaba ɗaya a saka sabon tsari daga amintaccen tushe, sannan a binciki fayilolin da aka kwafe kafin a mayar da su.