Hamburg SV: tsohuwar ƙungiyar da agogonta ya tsaya

Yaushe aka kafa Hamburg SV?

A takardun wannan ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta birnin Hamburg na Jamus, ranar haihuwarta ita ce 29 ga Satumba, 1887. Amma wannan ranar kafa SC Germania ce, ɗaya daga cikin ƙungiyoyi uku da suka haɗe a watan Yunin 1919. Sauran biyun su ne Hamburger FC ta 1888 da FC Falke ta 1906. Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ci 'yan wasa da dama, kowacce ta rasa ƙarfin tsayawa da ƙafarta, shi ya sa suka dunƙule. Shuɗi da baƙin da ke tambarinta gado ne daga Germania, jan gajeren wandon da 'yan wasa ke sakawa kuma launin birnin Hamburg ne.

Da gaske ne ta taɓa ƙin karɓar kofin zakarun Jamus?

Ƙwarai kuwa, a 1922. Ta haɗu da Nuremberg a wasan ƙarshe a Berlin. A zamanin babu bugun fenareti na raba gardama, sai dai a yi ta bugawa har wani ya ci. Aka shafe sama da sa'a uku ana fafatawa, sakamako 2-2, har duhu ya hana ganin ƙwallo, alƙalin wasa ya busa tashi. Aka sake haɗuwa a Leipzig, nan ma 1-1. Kora da rauni suka rage 'yan Nuremberg har saura bakwai a fili, dole aka dakatar da wasan. Hukumar ƙwallon Jamus ta ba Hamburg kambun, daga baya ƙungiyar ta haƙura da shi, shekarar ta wuce ba zakara. Sai a 1923 ta ɗauki kofinta na farko, ta ƙara a 1928.

Me ya sa sunan Uwe Seeler ba ya barin bakin magoya bayanta?

Ƙwallaye sama da 400 ya zura wa Hamburg a gasar ƙasa, shi ya ja ta zuwa kambun 1960. Amma ba ƙwallayen kaɗai suka sa ake ƙaunarsa ba. A 1961 Inter Milan ta zo har Hamburg da tayin kuɗi fiye da mark miliyan ɗaya (kuɗin Jamus na wancan zamani), a lokacin da ɗan wasan Jamus ke haɗa ƙwallo da wata sana'ar kafin ya riƙe gidansa. Seeler ya ce a garinsu zai zauna, kuma ya zauna. Mutanen birnin suna kiransa "Uns Uwe", wato Uwe namu. A bakin filin wasan Volksparkstadion akwai ƙaton gunkin ƙafarsa ta dama da aka zuba da tagulla, ya fi mutum tsayi nesa ba kusa ba. Ya rasu a watan Yulin 2022. A ganina, duk wanda bai san wannan labari ba bai san Hamburg ba.

Yaushe tauraruwarta ta fi haskawa?

Daga 1977 zuwa 1983. Kevin Keegan ya zo daga Liverpool, ya zama gwarzon ɗan ƙwallon Turai sau biyu a jere, 1978 da 1979, yana sanye da rigar Hamburg. Ta lashe Bundesliga a 1979, 1982 da 1983. Babban daren shi ne na Mayun 1983 a birnin Athens na Girka, ƙarƙashin koci Ernst Happel. Juventus ta zo da Platini da Zoff da Paolo Rossi, kowa na cewa kofin Turai nata ne. Ba a yi minti goma da take wasa ba Felix Magath ya saki wata ƙwallo daga wajen da'ira, ta wuce Zoff ta faɗa raga. Haka aka tashi, 1-0. Kofin ƙalubale na Jamus na 1987 shi ne babban kofinta na ƙarshe. Masu bin ƙwallo a Ghana za su tuna Tony Yeboah ya taka mata leda daga 1997.

Mene ne labarin agogon?

Tun da aka fara Bundesliga a 1963 har zuwa 2018, Hamburg ce kaɗai ta buga kowace kaka ba fashi. Saboda alfahari da haka aka kafa agogo a filinta, yana ƙirga shekaru da kwanaki har da daƙiƙoƙin zamanta a gasar. Sannu a hankali abin ado ya zama kaya a wuya: ana canza masu horarwa kamar riga, ana kashe kuɗi ba tsari, abokan hamayya kuma idonsu na kan agogon. Ranar 12 ga Mayun 2018 ta doke Monchengladbach 2-1, amma nasarar ba ta cece ta ba. Ta faɗa rukuni na biyu bayan shekara 54 da kwana 261.

Ta dawo kuwa?

Ta dawo, bayan shekara bakwai na wahala. Mafi ɗaci ita ce ranar ƙarshe ta kakar 2023. Hamburg ta ci wasanta a Sandhausen, magoya baya suka cika fili suna rungumar juna, suna zaton an haye. Can a wani gari kuma, ƙungiyar Heidenheim ta zura ƙwallo biyu a ƙarin lokaci, ta ƙwace gurbin. Murna ta koma ciki. Duk da haka mutane fiye da 50,000 suka ci gaba da cika filinta a wasannin rukuni na biyu. A Mayun 2025 ta lallasa Ulm da ci 6-1 a gida, ƙarƙashin matashin koci Merlin Polzin, haifaffen Hamburg, ta koma Bundesliga.