Rumbun bayananka na tafiyar hawainiya wajen UPDATE? Karanta wannan kafin ka kira ni

Kusan kowane mako sai wani ya tare ni bayan la'asar da kwamfutarsa a hammata: "Malam, wanga shafi da na gina ya ƙi tahiya, in an danna adanawa sai shi yi ta juyawa." Masu shafin sakamakon jarrabawa na makarantu, masu manhajar lissafin kaya ta shagunan magani, duk tambayoyin iri ɗaya ne, har bakina ya gaji. Galibinku a Sakkwato da MySQL da PHP kuke aiki, don haka da su zan yi misali. Ga tambayoyin da amsoshinsu, galibi a kan UPDATE, umarnin da ke canza bayanan da ke cikin rumbu.

Sabar ce ta yi ƙanƙanta? In sayi babba?

A'a. Riƙe kuɗinka. Wanda bai auna ya ga inda lokacin ke tafiya ba, ko ya ninka sabar sau huɗu, umarnin da ya lalace yana nan yadda yake.

To ta yaya zan auna?

Kunna slow query log, wato littafin da MySQL ke rubuta duk umarnin da ya yi jinkiri. Yadda MySQL ke zuwa, long_query_time na kan daƙiƙa 10, wato sai umarni ya wuce haka ake rubuta shi. Mai da shi 1. Umarnin da ya bayyana, sa EXPLAIN a gabansa, zai nuna maka yadda MySQL ke neman layukan. Tun MySQL 5.6 EXPLAIN ke aiki a kan UPDATE, don haka babu uzuri. In ka ga ALL a ƙarƙashin type, teburin gaba ɗaya ake karantawa layi bayan layi.

Mene ne indeks?

Wannan ya kamata ka sani kafin ka karɓi kuɗin mutane. Ɗan kasuwa a Tsohuwar Kasuwa da littafin bashinsa ba shi da tsarin suna, sai ya buɗe daga bangon farko duk lokacin da mai bashi ya zo biya. Indeks shi ne tsarin sunan. Kwalam ɗin da ke cikin WHERE ɗinka shi ke buƙatarsa. Kuma a InnoDB, injin da ke ajiye teburan MySQL, abin ya wuce jinkiri kawai: UPDATE na kulle duk layin da ya bi ta kansa yana nema, har waɗanda ba zai canza ba. Babu indeks, ka kulle teburin duka, kowa na tsaye yana jiranka.

Na sa indeks ɗin, bai canza komai ba.

Kwantar da hankalinka, ba kai kaɗai ba ne. Wani yaro daga Mabera ya kawo min wannan matsalar, idonsa jajur don kwana biyu bai yi barci ba. Muka zauna a kan tabarma, ya buɗe lambarsa, na bi da yatsa. Lambar wayar iyaye ya ajiye a VARCHAR, wato kwalam na rubutu, daidai ne, domin sifilin farko na 080 kada ya ɓace. Amma wajen nema ya rubuta lambar tsirara, babu alamar zance a gefe da gefe. Idan ka kwatanta kwalam na rubutu da adadi, MySQL ba ya iya amfani da indeks, sai ya bi kowane layi yana mai da shi adadi. Ya sa ƙananan alamomin nan guda biyu, ya danna, kafin ya ɗaga hannu aikin ya gama. Ya daɗe yana kallon allon bai ce uffan ba.

Ɗan'uwan wannan kuskuren shi ne naɗe kwalam cikin DATE() a WHERE. Rubuta shi daga ƙarfe kaza zuwa ƙarfe kaza, ka bar kwalam ɗin a sake.

Ashe in sa wa kowane kwalam indeks ke nan?

Kada ka kuskura. Duk indeks ɗin da ke kan kwalam ɗin da ka canza, sai an gyara shi ma. Kana neman sauri kana ƙara wa jaki kaya.

Ina sabunta makin ɗalibai ɗaya bayan ɗaya cikin foreach. Laifi ne?

Babban laifin ke nan, kuma shi na fi gani. Yi lissafi da kanka: a ce ɗalibai 2,000, darussa 9, umarni 18,000 ke nan. In kowanne ya ci kashi 20 cikin 1,000 na daƙiƙa tsakanin zuwa, dawowa da rubutawa a faifai, minti 6 ya tafi. Dalili shi ne autocommit a kunne yake, kowane umarni tiransakshan ne mai zaman kansa, wato aikin da ake adanawa dunƙule guda, kuma sai an tabbatar ya sauka a faifai kafin a wuce. Naɗe su tsakanin START TRANSACTION da COMMIT ɗaya. Abin da ya fi ma, zuba sababbin makin a tebur na wucin gadi, ka yi UPDATE ɗaya da JOIN. Ko INSERT ... ON DUPLICATE KEY UPDATE da layuka da yawa a tafiya ɗaya. Masu Django, tsarin gina shafi na Python, suna da bulk_update tun 2.2.

Laravel ne ke da nauyi?

Ba Laravel ba ne, shi tsarin gina shafi ne kawai na PHP. Kai ne ka kira save() sau 18,000.

Dole in canza layi wajen 300,000, kuma mutane na kan shafin suna biyan kuɗi. In yi a tashi ɗaya ko in rarraba?

Wannan ce tambayar da ta cancanci a zauna, kuma ba ni da amsa ɗaya da za ta dace da kowa.

A tashi ɗaya ya fi sauri idan ka duba agogo kawai, kuma yana da alheri guda babba: ko duka su canza, ko ko ɗaya kada ya canza. Amma muddin yana gudana, layukan da ya taɓa a kulle suke. Uban da ya zo biyan kuɗin makaranta zai jira, bayan daƙiƙa 50, wanda shi ne wa'adin innodb_lock_wait_timeout, sai a jefa masa kuskure mai lamba 1205. In kuma ka firgita ka kashe umarnin a tsakiya, warwarewar na iya cin lokaci fiye da wanda aikin ya riga ya ci. Na ga wanda ya sake tayar da sabar don ya huta, ta tashi ta ci gaba da warwarewa daga inda ta tsaya.

Rarrabawa ita nake zaɓa galibi, amma da sharuɗɗa. Bi lambar id a jere: daga 1 zuwa 1,000, COMMIT, ɗan numfashi, sannan na gaba. Kada ka yi da OFFSET idan kwalam ɗin da kake tacewa da shi ne kake canzawa, za ka tsallake layuka ba ka sani ba. A Laravel chunkById aka yi don wannan. Shin 1,000 ne daidai? Wataƙila. Teburi mai faɗi da indeks biyar na iya son 200, siriri na iya ɗaukar 5,000. Ni da ƙarami nake farawa, in duba agogo, in ga kashi ɗaya bai kai daƙiƙa guda ba, sannan in ƙara.

Ga inda nake taka-tsantsan. Da zarar ka rarraba, akwai lokacin da rabin teburin sabo ne, rabi tsoho. Idan sunan unguwa kake gyarawa, ba komai. Idan kuwa kuɗin zango kake ƙarawa, wani zai ga tsohon farashi, maƙwabcinsa ya ga sabo, gobe su haɗu a ofishin shugaban makaranta. A irin wannan gara ka rufe shafin na minti goma bayan tsakar dare, ka sanar tun da rana. Ko da hakan, duba kalanda: daren ƙarshe na rajista ba dare ba ne, kowa a lokacin yake shiga. Sannan ka tambayi kanka, in aikin ya yanke a kashi na 140, na sake kunna shi, me zai faru? Umarnin da ke cewa kuɗi ya zama 25,000 ba ya cutarwa ko sau nawa aka maimaita. Wanda ke cewa a ƙara 5,000 a kan abin da ke nan, maimaitawa ɗaya ta isa ta jawo maka rigima. Ajiye id na ƙarshe da aka gama a wani wuri, ko ka sa alamar an gama a layin.

Kuma don Allah kada wannan aikin ya gudana daga danna maɓalli a burawuza. Nginx, manhajar sabar da ke karɓar buƙatar burawuza, daƙiƙa 60 yake jira ya ba da kuskuren 504, amma umarnin na iya ci gaba a rumbun. Sakatare ya ga kuskure ya sake dannawa, yanzu biyu ne ke kokawa a kan layuka ɗaya. Ba wa cron, mai gudanar da aiki a lokacin da ka tsara, ko layin jira na bayan fage.

Wani ya ce in mai da innodb_flush_log_at_trx_commit zuwa 2.

Zai yi sauri, gaskiya ne, domin ba a kowane COMMIT za a jira aikin ya sauka a faifai ba. Amma ka san me ka sayar? In wuta ta ɗauke, kana iya rasa kusan daƙiƙa guda ta abin da aka riga aka ce wa mutane an adana. Sabarka na ƙarƙashin tebur a ofis, cikin zafin Afrilu, batirin UPS ya mutu tun bara, kuma kuɗin mutane ne a ciki. Bar shi a 1. Gyara foreach ɗinka tukuna.

Babu wani saiti da zan taɓa ke nan?

Akwai guda. innodb_buffer_pool_size, wato rabon RAM ɗin da InnoDB ke riƙe bayanai a ciki, na zuwa da 128MB kacal. In sabar taka ce kai kaɗai, ɗaga shi gwargwadon RAM ɗinka. In haya kuke yi ku da yawa, ba za a bar ka ka taɓa ba. Duba kuma ko tsohon teburinka na kan tsohon injin MyISAM ne, domin shi teburi sukutum yake kullewa a kowane UPDATE. InnoDB ne zaɓin asali tun MySQL 5.5, mai da teburin zuwa InnoDB.

In koma PostgreSQL?

Da foreach ɗinka za ka tafi can. Shi kuma kowane UPDATE sabon kwafin layi yake rubutawa, VACUUM ya zo ya share tsohon.

Na yi UPDATE na manta WHERE, kowa ya koma maki ɗaya.

Innalillahi. Sha ruwa, kada ka sake rubuta komai a rumbun. In cikin tiransakshan kake kuma ba ka yi COMMIT ba, ROLLBACK ya wadatar. In ba haka ba, ɗauko kwafin ajiyar jiya ka zuba shi a wani rumbu daban, ka kwaso kwalam ɗin da ya lalace kaɗai. In binary log, littafin duk canjin da aka yi a rumbun, a kunne yake, ana iya maido abin da aka shigar bayan kwafin. Daga yau kunna sql_safe_updates, mai hana UPDATE marar WHERE, a duk tagar da kake rubuta umarni da hannu, kuma ka fara da SELECT mai WHERE iri ɗaya, ka ƙirga layukan da ido.