Tambayoyin da maƙwabta ke yi mana game da Katolika a Maraɗi

Ranar 5 ga Maris 2025 na fito daga coci da safe, na ratsa kasuwa. Wata dattijuwa mai sayar da tattasai ta yafito ni ta ce, "Ɗana, goge goshinka, gawayi ya shafe ka." Na ce, "Inna, toka ce, yau muka ɗauki azumi." Ta riƙe baki, don ita ma Ramadan ya kama da ƴan kwanaki. Ni Katolika ne, a garin nan aka haife ni, kuma irin tambayoyin da ta jero mini su ne nake sha a majalisa da wurin aiki.

Ashe kuna azumi?

Muna yi, kwana 40 kafin Ista, bikin tashin Yesu daga matattu, ba a lissafa Lahadi a ciki. Yana somawa ranar Larabar Toka, inda fada, wato limamin coci, ke shafa wa kowa toka a goshi don tuna cewa daga ƙasa muka fito, ƙasa za mu koma. Sai dai ba irin na Musulmi ba ne. Ana shan ruwa. Ranar Larabar Toka da Juma'ar da ke gab da Ista ne baligi ke cin cikakken abinci sau ɗaya tak, sannan kowace Juma'a ta azumin ba a cin nama. Sauran kwanakin mutum ya zaɓi abin da ransa ke so ya bari, ya ƙara addu'a da sadaka.

Kirista ba duk ɗaya ba ne?

A'a. Mutane da yawa na ɗauka asibitin Galmi da na kutare da ke Danja namu ne, alhali mishan ɗin SIM ne ya kafa su, su kuma Furotesta ne. Mu Katolika muna bin Paparoma. Na yanzu shi ne Leo na 14, ɗan Amurka, wanda aka zaɓa ranar 8 ga Mayu 2025 bayan rasuwar Francis.

Daga Faransa ake turo muku shugabanni?

Wannan tambayar ta fi kowace ci mini rai, domin ita ce tushen zargin da ake mana. Paparoma ke naɗa bishop, wato shugaban cocin yanki, ba wata gwamnati ba. A 2001 aka yanke Maraɗi daga Yamai ta zama dayosis, wato yankin da bishop ke shugabanta, mai cin gashin kanta, ta haɗa Tawa, Damagaram, Agadas da Difa. Bishop ɗinta na farko, Ambroise Ouédraogo, ɗan Burkina Faso ne. Wanda ya gaje shi a 2024, Ignatius Anipu, ɗan Gana ne. Babban bishop na Yamai kuwa, Laurent Lompo, ɗan Nijar ne. Gaskiya ne Turawa suka kawo cocin a zamanin mulkin mallaka, gaskiya ne kuma yawancin masu cika benci ranar Lahadi zuriyar mutanen Benin, Togo, Burkina da Najeriya ne da aiki ko fatauci ya kawo. Amma jikokinsu a nan aka yanke musu cibiya, Hausa suke yi a gida. Dukanmu Kirista ba mu kai ɗaya cikin ɗari na mutanen ƙasar ba.

Mun ga inda wannan zargi ke kaiwa. A Janairun 2015 wata jarida a Faris ta buga zanen ɓatanci ga Annabi, abin da ya ƙona mana rai mu ma. Ranar 16 ga watan aka ƙona coci-coci a Damagaram, washegari a Yamai, aka yi asarar rayuka. Waɗanda aka ƙona wa wurin ibada ba su taɓa riƙe jaridar ba. Ba na mantawa kuma cewa Musulmi maƙwabta ne suka ɓoye Kiristoci da dama a ɗakunansu. Shi ya sa duk bidiyon da ya faɗo WhatsApp yana hura wuta, gabana faɗuwa yake.

Kuna bauta wa Maryamu?

Ba ma bauta mata. Bauta ta Allah ce shi kaɗai. Girmama ta muke, muna roƙon ta yi mana addu'a, kuma babban cocinmu na Maraɗi sunanta yake ɗauke da shi, Notre-Dame de Lourdes. Musulmi ma na da sura guda da sunanta. Inda muka rabu ba zan ɓoye ba: mun gaskata Yesu Ɗan Allah ne, an gicciye shi, ya tashi daga matattu. Musulunci bai yarda da haka ba. Duk da wannan, tun 1965 babban taron Batikan na biyu, na bishop-bishop ɗin Katolika na duniya, ya rubuta cewa coci na duban Musulmi da daraja.

In na sa ɗana lakwal ɗin mishan, za a juya masa addini?

Yawancin ɗaliban makarantunmu a Nijar Musulmi ne, a Musulmi suke fita. Baftismar babba ma ba wasa ba ce, sai ya nema da bakinsa, ya daɗe yana koyo. Haka aikin jinƙai. Hukumar agaji ta cocinmu, CADEV ta Caritas, ba ta tambayar addinin mai yunwa. Marigayiya Marie-Catherine Kingbo, ƴar Senegal, ta kafa ƙungiyar sistoci, mata masu ba da rayuwarsu ga hidimar coci, a nan Maraɗi a 2006, suka duƙufa kan yara masu tamowa da karatun ƴan mata a ƙauyuka, suna zama da limamai da masu gari kan auren wuri.

Me ya hana fada aure?

Alkawari ya ɗauka da kansa don ya ba da rayuwarsa duka ga hidima. Sauran mabiya suna aure, mace ɗaya, ba saki.

Abincin Kirsimeti fa, mu ci?

Hukuncin wannan na malamanku ne. Abin da zan iya faɗa shi ne, naman da muke dafawa wurin mahautan kasuwa muke sayensa, yankan Musulmi. A gidanmu ranar 25 ga Disamba yara ke zagaya unguwa da kwanonin shinkafa, su shiga gidajen da suka aiko mana da naman layya.